Nguru ko Gashuwa? Yadda Ake Zaɓen Garin Karatu da Sabuwar Sana'a

Gabatarwa

Barin gida domin neman ilmi ko abin masarufi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Tun zamanin da, almajiri yakan bar garinsu ya nufi gabas neman karatun Alƙur'ani. Falke yakan bi ayari zuwa Gwanja fataucin goro. Manomi kuma yakan tafi cin rani idan an gama aikin gona. A yau ma mutane suna ƙaura, sai dai dalilan sun ƙaru. Akwai magidanta da matan aure da samari waɗanda suka daɗe a kan wata sana'a, sannan suka ga tana neman gaza ɗaukar nauyinsu. Irin waɗannan sukan yanke shawarar komawa makaranta domin su sami takardar da za ta buɗe musu ƙofar wani aiki.

Wannan shawara tana da nauyi. Mai yin ta zai taɓa jarinsa, zai ɗaga iyalinsa daga inda suka saba, zai kuma ba da shekaru uku ko huɗu na rayuwarsa. Idan ya zaɓi garin da bai dace da shi ba, yana iya sakin reshe ya kama ganye: ga tsohuwar sana'a ta tafi, ga karatu bai kammalu ba. A wannan darasi za mu ɗauki garuruwa biyu na arewacin Jihar Yobe, wato Nguru da Gashuwa, mu ga yadda mai hankali zai auna su kafin ya ɗaure kayansa.

Inda Garuruwan Suke

An ƙirƙiri Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno a ranar 27 ga Agusta, 1991. Babban birninta shi ne Damaturu, kuma tana da ƙananan hukumomi 17. Nguru ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Nguru, Gashuwa kuwa hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade ce. A ƙidayar 2006 an sami mutane kimanin dubu 150 a Ƙaramar Hukumar Nguru, da kimanin dubu 140 a ta Bade. Tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar kilomita sittin da 'yan kai, Nguru tana yamma, Gashuwa tana gabas.

Yanayinsu kusan ɗaya ne. Damina gajera ce, takan kankama a watan Yuni ko Yuli, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Da hunturu akwai sanyi da ƙura, da bazara kuwa zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin zafi. Duk da haka ba ƙasa ce busasshiya ƙayau ba. Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suna malala a wannan yanki, su bazu cikin fadamu da tafkuna, kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda yake gangarawa zuwa Tafkin Chadi. Wannan shimfiɗar ruwa ita ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. Saboda haka wanda yake gudun zafi ba zai sami sauƙi a ɗayansu fiye da ɗaya ba. Bambancinsu yana cikin tarihinsu da makarantunsu da hanyoyin neman abincinsu.

Nguru: Garin Tasha da Kasuwa

Sunan Nguru ya daɗe a tarihi, domin a wannan yanki ne Galadiman Borno yake zaune yana tsaron iyakar daular ta yamma. Asalin mutanen wurin Barebari ne, musamman Mangawa. Amma abin da ya sauya fuskar garin shi ne jirgin ƙasa. A 1930 layin dogo da ya taso daga Kano ya iso Nguru, bayan tafiyar kilomita kusan 230, kuma a nan ya tsaya. Da yake nan ce ƙurewar layin, sai garin ya zama matattarar kaya. Ana kawo gyaɗa da ƙaro da fatu da kirgi da kanwa da dabbobi daga ƙasar Borno da ƙasar Damagaram, a loda su a jirgi zuwa Kano da Legas. Nguru ta kuma yi suna wajen bandar nama, wanda ake kaiwa kudancin Nijeriya.

Ciniki ya jawo baƙi: Hausawa, Fulani, Yarabawa, Ibo da sauransu. Ko da yake harkar jirgin ƙasa ta ja baya ƙwarai, garin bai rasa halinsa na kasuwanci ba. Har yau idonsa yana kallon yamma, wajen Haɗeja da Kano, da kuma arewa, wajen Machina da Jamhuriyar Nijar.

Ta fuskar karatu, akwai Kwalejin Ilmi da Nazarin Shari'a, wadda take horar da malaman makaranta da masu sha'awar aikin shari'a da ilmin addinin Musulunci. Akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasahar Kiwon Lafiya ta Galtima Mai Kyari, inda ake horar da ma'aikatan lafiya matsakaita. Bugu da ƙari, a Nguru ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take, wato babban asibitin da marasa lafiya suke zuwa daga sassan Yobe da Jigawa, har da ƙetaren iyaka.

Gashuwa: Garin Kogi da Jami'a

Gashuwa tana bakin Kogin Yobe. Ita ce mazaunin Mai Bade, sarkin Masarautar Bade. A da fadar masarautar tana Gogaram, garin da aka kewaye da ganuwa, kafin a dawo da ita Gashuwa a 1946. Har yanzu ana gudanar da bikin kamun kifi da al'adun Bade a yankin Gogaram. A ƙasar Bade ne kuma matattarar tsuntsaye ta Dagona take, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka da hunturu.

Arzikin Gashuwa yana tare da ruwa. Ana noman shinkafa a fadama, ana noman rani na albasa da tattasai da tumatir, ana kuma su da bandar kifi. Daga Gashuwa hanya takan bi ta Bayamari da Dapchi zuwa Damaturu, wata kuma ta bi ta Jakusko zuwa Potiskum. Wato idan Nguru tana kallon Kano, Gashuwa ta fi kusa da cikin jihar da ofisoshin gwamnatinta.

Akwai manyan makarantu biyu a garin. Ta farko ita ce Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman, wadda ta daɗe tana yaye malamai. Ta biyu ita ce Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2013, tare da takwarorinta na Gusau da Birnin Kebbi. A wannan jami'a ana karatun digiri a fannonin aikin gona da kimiyya da ilmin koyarwa da adabi da zamantakewa. Zuwan jami'ar ya ƙara yawan ɗalibai da ma'aikata a garin, ya ƙara buƙatar gidajen haya da abinci da sufuri.

Ma'aunan Zaɓe

Mu ƙaddara wani magidanci mai shekara talatin, tela ne, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Ya gama sakandare tun da daɗewa, takardunsa kuma suna da kyau. Yanzu yana son ya koma makaranta ya sauya sana'a. Ga tambayoyin da ya kamata ya yi wa kansa, an jera su bisa nauyinsu.

Na farko, wane aiki nake son in yi nan gaba? Wannan ita ce uwar tambayoyi, domin aiki shi ne yake nuna karatu, karatu kuma ya nuna gari. Idan burinsa aikin lafiya ne, kamar duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye ko kula da tsabtar muhalli, to Nguru ta fi dacewa, saboda ga kwaleji ga babban asibiti a gari ɗaya. Haka nan idan yana sha'awar aikin kotu. Amma idan digiri yake nema, musamman a fannin noma ko kimiyya, to Gashuwa ce gabansa. Kuskuren da mutane da yawa suke yi shi ne su fara zaɓen gari saboda wani aboki ko wani labari mai daɗi, sannan su je su karɓi duk kwas ɗin da aka ba su. Daga baya sai su fito da takardar da ba su da sha'awar aiki da ita.

Na biyu, shekara nawa zan iya jurewa? Karatun takardar shaidar malanta ta NCE shekara uku ne, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da tsarin ilmi na ƙasa ya amince a koyar da ita. Digiri shekara huɗu ne a yawancin fannoni, amma na aikin gona biyar ne. Wanda ya fara da NCE yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, ya yi shekara uku, jimla shida ke nan. Saboda haka telanmu zai iya fara koyarwa yana da shekara 33 idan ya bi ta kwaleji, ko 34 idan ya bi ta jami'a, ko 35 idan noma ya karanta. Shekara ɗaya a bakin saurayi ba wani abu ba ce, amma a wurin mai ciyar da mutum huɗu lissafi ce babba. Ya kuma sani cewa wanda ya gama digiri bayan ya haura shekara talatin ba ya zuwa yi wa ƙasa hidima, takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Don haka kada ya sa alawus ɗin wannan shekara cikin lissafinsa.

Na uku, da me zan ci abinci kafin in gama? A nan ne tsohuwar sana'a take da rana. Idan malanta yake so, to ana samun NCE a garuruwan biyu, sai ya zama abin da zai raba gardama shi ne inda keken ɗinkinsa zai fi kawo kuɗi. A Nguru akwai jama'ar kasuwa da baƙi masu shige da fice, ga kuma sauƙin sayo yadi da zare daga Kano. A Gashuwa akwai ɗalibai masu yawa, amma cinikin ɗalibai yana da lokaci: idan an yi hutu ko yajin aiki, sai kasuwa ta yi sanyi. Wanda ya iya noma kuwa, yana iya aron gona ko ya yi haya a fadama a kowane ɗaya daga cikin garuruwan. Sai dai ya tuna cewa fadama tana da nata matsaloli. Madatsun ruwan Tiga da Challawa da ke Jihar Kano sun sauya yadda ruwa yake malalowa. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. A wasu shekarun kuma ambaliya takan yi ɓarna, kamar yadda aka gani a 2022. Mai hankali ba ya rataya kuɗin makarantarsa duka a kan girbi ɗaya.

Na huɗu, ina zan zauna? Saurayi yana iya samun gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ya haɗa kuɗi da abokai su kama ɗaki. Mai iyali kuwa dole ya nemi gida mai ruwa da banɗaki, kusa da makarantar yara. A ko'ina cikin ƙasar nan, haya takan yi tsada a unguwannin da suke kusa da babbar makaranta. Idan mutum ya nisanta domin sauƙin haya, sai kuɗin abin hawa ya cinye rarar. Saboda haka a haɗa kuɗin haya da na sufuri wuri ɗaya kafin a ce wannan gida ya fi wancan araha. A garin da yake bakin kogi kuma, ya kamata a tambayi maƙwabta inda ruwa yake kaiwa da damina.

Na biyar, yaya batun lafiya? Wanda yake da tsoho ko yaro mai yawan ciwo zai so ya zauna kusa da babban asibiti, wannan kuwa yana ƙara wa Nguru nauyi a kan sikeli. Gashuwa ma tana da babban asibitin gwamnatin jiha. An daɗe ana samun rahotannin yawaitar ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta, har gwamnatin jihar ta sa masana suna bincike a kai. Wannan ba dalilin gudun garin ba ne, domin dubban mutane suna zaune a cikinsa suna harkokinsu. Amma dalili ne na kula da ruwan sha, da guje wa shan magani barkatai, da zuwa awo a kan kari. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana ko'ina a yankin dausayi, don haka gidan sauro yana cikin kayan da za a fara ɗaurewa.

Na shida, su wa nake da su a can, kuma ina ne gida? Baƙon da yake da ɗan'uwa ko maigida a gari ya fi saurin samun masauki da shago da mai tsaya masa. Wanda iyayensa suke Kano ko Haɗeja ko Gumel zai fi samun sauƙin kai musu ziyara daga Nguru. Wanda nasa suke Damaturu ko Potiskum ko Gaidam, Gashuwa ta fi masa kusa. Wannan ma'auni yana da muhimmanci, amma bai kamata ya rinjayi na farko ba.

Harshe da Zaman Baƙunci

Ku da kuke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, akwai abin lura a nan. Nguru da Gashuwa ba ƙasar Hausa ba ce ta asali. Harshen gado a Nguru Barbarci ne, a Gashuwa kuwa Badanci. Masana harsuna sun nuna cewa Badanci da Hausa dangi ne, dukansu suna cikin rukunin harsunan Chadi, Barbarci kuwa daga wani gida dabam yake. Duk da haka, Hausa ce harshen da ya haɗa kowa a kasuwa da tasha da asibiti a garuruwan biyu. Babarbare da Bafulatani da Bayarabe idan sun haɗu a gaban mai kifi, da Hausa za su yi ciniki. Mutane da yawa a can sun koyi Hausa ne bayan harshen gidansu, kamar yadda kuke yi yanzu. Saboda haka wanda ya je da Hausarsa, ko da ba ta nuna sosai ba, ba zai ɓata ba. Idan kuma ya ƙara da koyon gaisuwa cikin Barbarci ko Badanci, zai ga yadda fuskokin dattawa za su sake.

Yanke Shawara

Bayan an tattara amsoshi, sai a raba takarda gida biyu, a rubuta Nguru a dama, Gashuwa a hagu, a jera abin da kowanne ya fi. Amma ba ƙirga layuka ake yi ba, auna su ake yi. Amsar tambaya ta farko ita kaɗai tana iya rinjayar sauran biyar. Idan telanmu aikin lafiya yake so, magana ta ƙare a Nguru, ko da yana da ƙane a Gashuwa. Idan digirin noma yake so, sai Gashuwa, ko da ɗinki ya fi tafiya a Nguru. Sai idan karatun yana samuwa a duka biyun ne sauran ma'aunai za su yi hukunci.

Akwai kuma hanya ta uku, tunda garuruwan suna kusa da juna. Mutum yana iya ajiye iyalinsa da shagonsa a gari ɗaya, ya yi karatu a ɗayan, yana dawowa ƙarshen mako. Wannan tana rage wahalar ɗaga iyali, amma tana jawo tukunya biyu da kuɗin mota kowane mako. Ba ta yiwuwa sai da yardar uwargida da kuma amintaccen yaro a shago.

Ko wace hanya aka zaɓa, akwai matakai uku da ba a tsallakewa. A fara samun gurbin karatu a hannu, ta hanyar jarrabawar JAMB ko fom ɗin makarantar, kafin a saki aiki ko a sayar da kadara, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. A tabbatar hukumar da take kula da fannin ta amince da kwas ɗin. Sannan a je garin da ƙafa, a kwana biyu, a ga makaranta da kasuwa da unguwa, a tattauna da waɗanda suke karatu a can. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Kammalawa

Nguru gari ne da layin dogo da kasuwa suka raya, yana da ƙarfi wajen horon aikin lafiya da shari'a da malanta. Gashuwa gari ne da kogi da sarauta suka kafa, yana da jami'a da kwalejin malamai. Wanda ya san aikin da yake nema, ya lissafa shekarunsa da aljihunsa, ya kuma shawarci iyalinsa, zai gane wanda ya dace da shi. Irin wannan awo za ku iya yi wa kowane gari biyu a lokacin da naku zaɓen ya zo.

Ma'anar Kalmomi

Magidanci: namiji mai aure da iyali.
Falke: ɗan kasuwa mai tafiya gari-gari da kaya.
Cin rani: tafiya wani gari neman kuɗi bayan an gama aikin gona.
Dausayi: wuri mai ruwa da danshi da ciyayi.
Matattara: wurin da mutane ko kaya suke haɗuwa.
Banda: busar da nama ko kifi a kan wuta.
Su: sana'ar kamun kifi.
Ambaliya: cikowar ruwa har ya mamaye gidaje da gonaki.
Gurbin karatu: damar shiga makaranta da aka ba ɗalibi.
Kadara: abin da mutum ya mallaka mai daraja, kamar gida ko gona.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka ƙirƙiri Jihar Yobe, kuma daga wace jiha?
2. Ta yaya zuwan jirgin ƙasa ya sauya garin Nguru?
3. Kawo sunayen manyan makarantu biyu na Nguru da biyu na Gashuwa.
4. Me ya sa aka ce tambaya ta farko ita ce uwar tambayoyi?
5. Waɗanne matsaloli uku ne mai noman fadama yake iya fuskanta?
6. Mene ne amfani da kuma wahalar hanya ta uku?
7. Bayyana ma'anar waɗannan: (a) sakin reshe kama ganye (b) hangen Dala ba shiga birni ba ne (c) zuwa da kai ya fi saƙo.

Aikin Aji

Ku rabu gida biyu. Ku ƙaddara wata mata mai sayar da abinci tana son ta zama malamar firamare, iyayenta kuma suna Potiskum. Rukuni ɗaya ya ba ta shawarar Nguru, ɗayan ya ba ta shawarar Gashuwa, kowanne da hujjoji uku daga cikin darasin.

Jinga

Zaɓi garuruwa biyu na jiharku. Rubuta sakin layi uku kana kwatanta su ta fuskar makarantu da sana'o'i, sannan ka faɗi wanda za ka zaɓa da dalilinka.